Matokarin Ƙyallen Iska: Shawara Ga Masuntan Watari

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, duk mai ɗan inji a bayan jirgi sai ya yi lissafi kafin ya ja igiya. Wanda ba shi da inji kuwa, dama filafili da gwangwala ya sani, da ciwon kafaɗa idan dare ya yi. Haka abin yake a madatsar Watari ta Bagwai, nan maƙwabtanmu mu na Bici, haka yake a Tomas ta wajen Ɗambatta, haka kuma a Tiga. Alhali daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas kusan kullum, idan damina ta zauna kuma ta juyo daga kudu maso yamma, tana bi ta kan ruwa tana wucewa a banza.

A wasu wuraren ba sa barin ta haka. A Kogin Neja, tsakanin Mofti da Tambutu a ƙasar Mali, masu jirage suna haɗa tsofaffin buhuna su ɗinke, su kafa sanda a jirgi su ɗaura, iska ta yi ta tura su. A Kogin Nilu wajen Aswan da gaɓar Zanzibar, ana amfani da jiragen iska tun kaka da kakanni. Ba wani sirri a ciki, kuma ban ga abin da zai hana masuncin da ke komowa shi kaɗai da kamunsa ya amfana ba. Sai dai abin da nake so mu tsaya a kansa yau ba ƙyallen ba ne, sandar da ke tokare shi ce. Ita ke mai da tarin buhu abin tuƙi, ita ce kuma ke kifar da jirgi idan an ɗaure ta yadda ba za ta saki ba.

Ga dalilin da ya sa ake buƙatarta. Ka kafa jigo a gaban kwalekwale, ka ɗaura masa ƙyalle mai kusurwa uku, gefe ɗaya a jikin jigon, kusurwar da ta rage kuma ka riƙe ta da igiya. Idan iska tana bayanka, igiyar nan baya take jan kusurwar, ba gefe ba. Sai ƙyallen ya tattare ya yi tumbi, ya cika ya sace, ya sake cika, yana fal-fal, jirgi yana tangaɗi. Rabin faɗinsa ma bai ga iska ba. Matokari sanda ce da ake kafa gindinta a jikin jigo, bakinta kuma ya tura kusurwar nan waje, can gefen jirgi, ƙyalle ya buɗe sosai ya tsaya cak. Masu jiragen iska na Turai da Amurka suna da irinta ta alminiyam, wadda ake zugewa ta ƙara tsawo ko ta ragu. Kamfanoni irin su Forespar na Amurka sana'arsu ke nan. Sukan riƙe tasu da igiya uku, ɗaya ta ɗaga ta sama, ɗaya ta ja gaba, ɗaya ta ja baya, don jirginsu yana da nauyin ƙarfe a ƙarƙashi da ke hana shi kifewa. Kwalekwalenka ba shi da wannan nauyin, saboda haka kada ka kwaikwayi ɗaurinsu. Kai igiya ɗaya tak za ka yi, kuma a hannunka za ta zauna.

Kafin a zo kan sanda, a san ƙarfin da za ta tara. Ƙarfin iska ba ya tafiya daidai da gudunta. Idan gudun ya ninka biyu, turin da take yi ninkawa huɗu yake. Ɗauki ƙyalle mai faɗin murabba'in mita 3. Iska mai daɗi, mai gudun kilomita 18 a awa, tana tura shi da ƙarfin kilo 5 zuwa 6. Ta kai kilomita 36, ya zama wajen kilo 22. Idan irin wadda ke gaban hadari ce, mai kilomita 54, ya kai kilo 50, kamar a rataya maka buhun siminti a sama da kanka a ja shi gefe guda. Babu kwalekwalen masunci da zai jure wannan. Shi ya sa nake cewa ka fara da ƙarami: jigo kada ya wuce mita 3 tun daga ƙasan jirgi, gefen ƙyallen da ke jikinsa mita 2, daga jigo zuwa kusurwar waje kuma kamar mita 1.8. Wannan bai cika murabba'in mita 2 ba, kuma ya isa ya hutar da kai. Buhu biyu na hatsi, irin waɗanda ake samu a kasuwar Bici ko Badume ko Dawanau, sun wadatar. A farke su, a haɗa da basilla, a naɗe bakin a kan siririyar igiya a bi da ɗinki. Wurin yanka, a sa kusurwar waje ta ɗara ta gindin jigo tsayi da kamu guda. Amfaninsa biyu ne: sanda za ta wuce ta saman kanka kana zaune, kuma gefen ƙasa na ƙyallen zai riƙa danne ta kada ta ɗaga sama.

To, wace sanda?

Aikin matokari ba ɗaukar kaya ba ne, matsa shi ake yi daga baki zuwa gindi. Ƙyalle yana turo shi, jigo yana tare shi. Sandar da ake matsawa haka ba ta karyewa kai tsaye, lanƙwasa take fara yi a tsakiya, kuma da zarar ta ɗan karkata sai karkatar ta yi ta ƙaruwa har ta ɓalle. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler, ya fitar da ƙa'idar wannan tun 1744: idan ka ninka tsawon sanda biyu, kauri bai canza ba, ƙarfin da za ta iya tarewa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Duk wanda ya taɓa tokare rumfa da dogon kara ya ga haka da idonsa. Abin da za ka ɗauka daga nan shi ne, sanda ta kasance miƙaƙƙiya, kuma duk taƙin da ka ƙara ba tare da buƙata ba, ƙarfi ka rage. Kafin ka saya, ka kafa gindin sandar a ƙasa, ka ɗora tafin hannu a bakinta ka danna da nauyinka. Idan ta yi ciki, ka ajiye ta.

A ganina gwangwala ce ta fi dacewa da mu. Ba ta da nauyi, tana yawo a kan ruwa idan ta faɗa, kuma ko ta bugi mutum ba ta yi masa lahani mai yawa. Ka zaɓi busasshiya, ka yanko daga ɓangaren gindi inda ta fi kauri. Aibinta ɗaya: ƙarfinta duk a bayanta yake, cikinta taushi ne da shi. Idan ka buga mata ƙusa tsagewa za ta yi, idan ka bar bakin yanka a buɗe ruwa za ta sha ta yi nauyi ta ruɓe. Don haka komai ɗaurawa ake yi, ba a bugawa. Ka naɗe kowane baki da igiyar nailan, zagaye kusa da zagaye, faɗin yatsa huɗu, sannan ka shafe bakin da kwaltar da kake toshe jirgi da ita. Gora mai gaɓoɓi ma tana yi, har ta fi gwangwala jure matsi, amma a yanke ta dab da bayan gaɓa domin bakin ya zama a toshe. Itacen turare yana da miƙewa, sai dai nauyi, ya fi kyau a yi jigo da shi. Bututun roba na famfo shi kaɗai bai yi ba, rana na dukansa zai saki jiki. Bututun ƙarfe kuwa kada ma ka fara. Yana nutsewa, yana jan gefen jirgi ƙasa, kuma ran da iska ta juyo da shi, kanka zai samu.

Wani zai ce, to ga gwangwalar da nake tuƙi da ita, me zai sa in nemi wata? Ta yi tsawo, na farko. Na biyu, madatsun nan a kan gonaki da dazuka aka yi su, kututture na nan a ƙarƙashi, musamman da rani idan ruwa ya ja. Lokacin da za ka buƙaci sandarka ka kauce wa kututture ko ka tare gaɓa, ba lokacin kwance ta daga jikin ƙyalle ba ne. Kowace da aikinta.

Awon tsawo ba shi da wuya. Shimfiɗa ƙyallen a ƙasa yana ɗaure a jigonsa, ka ja kusurwar waje har ya miƙe, ka auna daga jigo zuwa kusurwar, ka ƙara taƙi ɗaya. Idan sanda ta gaza, tumbin nan zai dawo. Idan ta zarce, ƙyalle zai ɗame ya yage, bakin sanda kuma ya riƙa neman ruwa.

Gindinta gwafa yake so. Ka samo reshen darbejiya mai baki biyu, wanda jigo zai zauna a tsakaninsa da ɗan sarari, ka fere ƙafarsa ta kwanta a jikin gwangwala tsawon taƙi biyu, ka ɗaure a wuri biyu da robar tsohon tub na babur, ka bi da igiya a kai. Cikin gwafar ma ka naɗa mata roba, don kada ta ci jigo, kada kuma ta dame ka da ƙara. Sai ka ɗaura gajeriyar igiya a jikin jigo, sama da gwafar, ta riƙe ta kada ta zame ƙasa. A nan ne mutane za su so su ƙulle gwafa da jigo tamau, don suna ganin hakan ya fi aminci. Kuskure ne babba. Dole gwafa ta iya zagaya jigo ba abin da ya tare ta, kuma kada ka ɗaure jigon da igiyoyi zuwa gefen jirgi. Ka huda katakon zama na gaba, ka kafa wani guntun katako mai rami a ƙasan jirgi daidai ƙarƙashinsa, jigo ya ratsa ya zauna da kansa. Idan an yi haka, ran da iska ta fi ƙarfinka, kana sakin igiya sai sanda da ƙyalle su juya can gaba, su miƙe saman hancin jirgi suna kaɗawa, ba su riƙe iska ko kaɗan ba. Wannan juyawar ita ce duk tsaron da kake da shi. Kowane gyara za ka yi wa sandar nan, ka tambayi kanka: idan na saki igiya, za ta tafi gaba? Idan amsar a'a ce, gyaran bai yi ba.

Bakin waje kuma ɗan tsagi ya ishe shi, zurfin gaɓar yatsa, a bayan naɗin nailan ɗin da ka yi. Kusurwar ƙyalle za ta zo da hanko na igiya ta faɗa cikin tsagin. Kada ka huda buhu ka zura igiya, ranar farko zai yage. Ka sa ƙwallon goruba a cikin kusurwar, ka tattaro buhun ya rufe shi, ka shaƙe wuyansa da igiya. Ƙwallon ba zai fita ba, kuma jan ya bazu a zare da yawa maimakon ya taru a rami guda. A wuyan nan za ka ɗaura hankon, a nan kuma za ka ɗaura igiyar hannunka. Ita igiyar ta yi tsawon da zai bari sanda ta kai har gaba ba tare da bakinta ya kuɓuce maka ba, kamar gaba uku.

Gyaran da ya fi kowane amfani shi ne sandar ta iya raguwa. Idan iska ta ƙaru kana tsakiyar ruwa, maganin shi ne ka rage ƙyalle: ka cire matokari, ka murza jigo a raminsa ƙyallen ya naɗu zagaye biyu ko uku, ka ɗaure. Yanzu kusurwar ta matso, sanda ta yi mata tsawo. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗaura ƙananan hankuna biyu a jikin sandar, tazarar taƙi ɗaya da rabi daga baki zuwa ciki, ka mai da kusurwar kan wanda ya dace. Ragowar bakin zai ɗan leƙo waje, ba laifi idan bai kai ruwa ba. Wanda yake son mai zugewa irin ta Turawa, ya haɗa gwangwala biyu gefe da gefe, su hau juna aƙalla kamu guda, a ɗaure da roba a wuri biyu, baki da baki. Kada a yi ɗauri ɗaya a tsakiya, nan za ta karye gwiwa. Kuma a tuna da lissafin Euler: lokacin da ta fi tsawo shi ne lokacin da ta fi rauni, don haka cikakken tsawonta na iska mai laushi ne kawai. Ni dai na fi son guda ɗaya mai hankuna. Abin da ba shi da mahaɗi ba ya zamewa.

Sai tuƙi. Kwalekwale ba shi da abin da zai kama ruwa a ƙarƙashi, saboda haka ba ya tafiya gaba da iska, ba ya ma ratsa ta sosai. Idan ta bugo daga gefe, gefe za ka yi ta zamewa, kana kuma dab da kifewa. Ƙyalle na lokacin da iska ke bayanka ne, ko bayan kafaɗarka. Ka dubi inda kake ajiye jirgi da inda kake zuba kalli, ka ga wace tafiyar ce ta dace da iskar wannan watan. Da hunturu yawanci asuba shiru ne, sai hantsi iska take tashi. Wanda gaɓarsa ke kudu ko yamma da wurin kamunsa ya dace: ya fita da filafili ruwa na kwance, ya komo da iska jirgi na ɗauke da kifi. Wanda tasa ke ɗaya ɓangaren, damina ce tasa.

Ka zauna a ƙasan jirgi, ba a kan katako ba, ka ɗan karkata ɓangaren da babu ƙyalle. Filafili a baya, ta gefen da sanda take, kana juya jirgi da shi. Idan iska tana zuwa ta bayan kafaɗarka ta dama, sanda ta tafi hagu. Idan ta hagu take zuwa, sanda dama. Abin tsoro shi ne ka bari jirgi ya karkata har iska ta zagayo ta bugi ƙyalle ta gabansa. Nan take sanda za ta tsallako ɗaya gefen da ƙarfi, nauyinka da turin iska su haɗu a gefe guda. Alamarsa ita ce ka ji igiya ta yi sako-sako a hannunka, gefen ƙyalle ya fara rawa. Kana ganin haka, ka mai da hancin jirgi ɓangaren da babu sanda. Idan dole ne ka sauya gefe, ka jawo igiya sanda ta matso tsakiya, ka juya a hankali, ka sake ta a ɗaya gefen, kai ma ka gyara zama. Idan iskar da ƙarfi, kada ka yi wannan. Saki igiya, juya da filafili, sannan ka sake ɗauka. Bakin sanda kuma kada ya taɓa ruwa jirgi na gudu. Yana nutsawa ruwa zai riƙe shi, jirgi ya juyo a kansa ya ba iska haƙarƙari.

Igiyar hannu ba a ɗaure ta a katako, ba a naɗa ta a wuyan hannu, ba a taka ta da ƙafa don a kunna taba ko a amsa waya. Idan ta gajiyar da kai, ka zagaya ta rabin zagaye a ƙarƙashin katakon zama ka riƙe bakin, yadda buɗe yatsu kaɗai zai sake ta.

Akwai lokutan da jigon ma kwantar da shi za ka yi. Daga Afrilu zuwa Yuni, hadari daga gabas yake tasowa, kuma iskarsa tana riga ruwansa isowa. Kana ganin gabas ta haɗe, ko ka ga jan ƙura ya tokare sama, cire jigo ka shimfiɗa a jirgi, ka nemi gaɓa mafi kusa. Sanda a tsaye a tsakiyar ruwa ana walƙiya ma wani hatsarin ne. Da bazara ga guguwa, wadda ba ta da alƙibla. Da dare kuwa babu zancen ƙyalle sam, don ba ka ganin yadda iska ke tafe a kan ruwa. Idan ka sauka, naɗe buhun ka sa a inuwa, rana tana cin zarensa har ya riƙa marmashewa. Robar ɗauri ma ka riƙa dubawa, tana tsattsagewa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. Mutanen Bagwai da Bici ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a ruwan Watari tsakanin Badau da Bagwai, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Allah ya jiƙansu. Babu ƙyallen iska a wannan jirgin, lodi ne ya yi masa yawa. Na kawo shi ne don kowa ya san ruwan nan ba ya son a ƙure shi, kuma ƙyalle ƙarin nauyi ne a sama, inda jirgi ya fi ƙin nauyi. Duk abin da na faɗa a nan na masunci ne shi kaɗai, ko shi da babban mataimaki wanda ya iya ruwa. Ba na jirgin fito ba ne. Ba a ɗaukar fasinja da shi, ba a ɗaukar yaro, ba a ɗaukar buhunan albasa ko babur. Ka sa rigar ruwa ko da kai ne gwanin iyo na garinku, ka ɗaure jarka biyu marasa komai, a toshe, a cikin jirgi gaba da baya, ka ajiye abin kwalfe ruwa kusa da hannu.

Ɗan'uwa, idan ka haɗa naka, ka fara nuna wa Sarkin Ruwan wurinku da dattawan masunta, su ne suka san inda kututture yake da inda iska ke murɗawa. Sannan ka gwada a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, wani yana tsaye a gaɓa yana kallonka. Abin da za ka fara koya ba gudu ba ne, sakin igiya ne. Ka yi ta saki kana ɗauka har ka tabbata sanda tana tafiya gaba kowane karo. Idan ta maƙale ko sau ɗaya, ka fito da jirgi ka gyara gwafar kafin ka shiga zurfi.